Yadda Ake Gina Gida a Ƙauye Alhali Kana Aiki a Saudiyya

Da wuya ka ratsa ƙauyukan Kano ko Jigawa ko Katsina ba ka ga wani kango da ya tsaya a linta ba, tafasa ta cinye tsakar gidan, awaki na kwana a ɗakin da aka so ya zama turaka. Ka tambayi mai shi, a ce maka yana Jidda, ko Riyad, ko Madina. Da yawa daga irin waɗannan gine-gine ba don an ƙi aiko da kuɗi suka tsaya ba. Kuɗin sun zo, sai dai sun riga aikin isowa, suka tarar da biki da jinya da sayen taki, suka bi ta can. Mai gini daga nesa ba shi da ido a wurin. Dole ya nemi abin da zai tsaya masa a madadin ido, wato takarda, da aiki mataki-mataki, da mutane fiye da ɗaya waɗanda kowa ya san iyakarsa. Ga yadda ake bi.

Fara da aljihunka na can

Kafin ka kira kowa a gida, ɗauki biro da takarda ka fitar da abin da zamanka ke ci a wata: kasonka na hayar ɗaki in ba kamfani ne ya ba ku masauki ba, cefane, data, kuɗin mota, da abin da ka saba aika wa iyaye da iyali. Wannan na ƙarshen kada ka taɓa shi. Ranar da ka rage wa mahaifiya kuɗin cefane don sayen bulo, daga kuɗin bulon za a cike giɓin, kuma babu mai gaya maka. Daga abin da ya rage, ware na zaman wata uku ka ajiye gefe saboda jinkirin albashi ko ƙarewar kwantiragi. Sauran shi ne kuɗin gini, kuma da shi za ka auna girman gidan.

Ajiyar ta zauna a riyal. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Naira kuwa kowa ya ga abin da ya same ta: kafin gwamnati ta sakar wa kasuwa farashinta a watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, buhun siminti ya wuce naira 10,000. Waɗanda suka canza kuɗinsu suka jibge a asusun gida suna jiran su taru sun wayi gari abin da zai kai su linta bai kai su taga ba. Ka canza daidai abin da matakin da ke gabanka yake buƙata, a satin da za a kashe shi.

Adashin 'yan ɗaki yana da amfani a nan, domin gini ba ya son kuɗi tsamurmuri, ya fi son dunƙule. Ka nemi kwasarka ta faɗo daidai lokacin rufi. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne aikin gefe. Yi wa wani aiki ba wanda sunansa ke kan igamarka (katin izinin zama) ba laifi ne a dokar Saudiyya, kuma zafin son ganin gida ya tashi ya sa mutane da dama sun ƙare a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida, babu albashi babu gini. Kuɗin sallama na ƙarshen aiki kuma, wanda dokar ƙwadago ta Saudiyya ta sa rabin albashin wata a kowace shekara cikin biyar na farko da cikakken wata a kowace shekara bayan nan, kada ka sa shi cikin lissafin ginin sai ya shigo hannu, domin yana raguwa in kai ne ka ajiye aikin.

Fili, kafin komai

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma filin da ba na birni ba, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a kansa. A aikace ana farawa da takardar ciniki mai ɗauke da sunanka cikakke kamar yadda yake a fasfo, da sunan mai sayarwa, da girman filin, da sunayen maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da shaidu. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai wa hakimi, daga nan a je ƙaramar hukuma. Takardar dagaci shaida ce mai nauyi a cikin gari, amma ba ta maye gurbin ta hukuma. In ƙauyen yana dab da birni, mai yiwuwa an riga an shigar da shi cikin yankin da gwamna ne kaɗai ke ba da takarda, don haka a tambaya a ofishin filaye na jiha, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna.

Rigimar da ta fi kowace yawa ba a filin saye take ba, a filin gado take. Za ka kira gida, Baffa ya ce maka, "Ga gonar mahaifinku nan a bakin hanya, yanki inda kake so ka gina, wa zai hana ka?" Da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma amsar da ta dace ita ce, "Allah ya ƙara girma, Baffa, na gode. Sai dai ina roƙon a tara mu a raba tukuna, kowa ya san nasa, har da su Yaya da ke ɗakin miji." Gidan da aka gina a kan gadon da ba a raba ba, ranar da Baffa ya kwanta dama, kowane magaji yana da ta cewa a kan ƙasar da yake tsaye a kai. A raba a gaban malami ko alƙali, a rubuta.

'Yar'uwa da ke aikatau a gidajen Larabawa, wannan ya fi shafarki. Filin ya fito da sunanki, ba na miji ko wa ko ɗa ba, komai kunyar faɗa.

Kada ka amince da fili saboda hoton da aka ɗauka da rani. A je a ɗauko maka bidiyonsa a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi. Mutanen yankin Haɗeja da suka ga ambaliyar 2022 ba sa buƙatar a yi musu wannan bayani. A tambayi tsofaffin gari ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike, ko burtali, ko filin da aka taɓa ware wa makaranta. Ƙasar da ke tsattsagewa da rani, irin baƙar lakar fadama, tana kumbura da damina tana fasa gini, kuma harsashinta ya fi tsada nesa ba kusa ba. In an gamsu, a kira safiyo ya auna ya kafa bikon, wato alamar iyaka, a kusurwa huɗu, maƙwabta na tsaye suna kallo.

Zanen gidan

Wanda ya daɗe a Jidda idonsa ya saba da manyan tagogin gilashi da ɗakuna a rufe ruf, ya manta cewa na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa ne ke riƙe da irin wannan gini. Ka kai shi ƙauyenku, a watan Afrilu ɗakin zai zama tanderu, mutanen gida su kwashe tabarmi su koma gindin bishiya. Ka zana gidan da za a iya zama cikinsa ba wuta ko ta minti ɗaya. Sola in ta zo, ta zo ta tarar da gida mai iska.

Waɗanda za su zauna a ciki su ne za ka fara tambaya, musamman mata. Mahaifiyarka da matarka sun fi mai zane sanin inda murhu ya kamata ya zauna don kada hayaƙi ya cika ɗakuna, da inda za a yi shanya, da inda za a ajiye buhunan gero da dawa, da inda za a ɗaure dabbobi. Kicin na zamani a cikin ɗaki ba ya hana a yi madafi a waje, domin girkin suna da na sallah da itace za a yi shi. Zaure kuma kada ka yar da shi don ka ga gidajen birni sun daina. Nan baƙo ke tsayawa, nan ake gaisuwa da ta'aziyya, shi ne ke ba tsakar gida sirrinta.

Sai fuskar ginin. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a can za a sa manyan tagogi, kowane ɗaki da taga biyu masu kallon juna don iska ta ratsa. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙe zafi har dare, don haka sito ko banɗaki ya fi dacewa da wannan ɓangare, ko a dasa darbejiya nesa kaɗan da harsashi. Gabas kuwa daga nan hadari ke tasowa da iskarsa, bangon nan ne ruwa ke duka, shi ke buƙatar filasta mai kyau da kwano mai saukowa sosai. Daga ƙasa zuwa silin kada ya gaza mita 3, a bar ƙananan kafofi masu raga a sama don zafin da ke taruwa ƙarƙashin kwano ya sami mafita. Alƙibla daga arewacin Najeriya gabas take da ɗan karkatawa arewa. A tuna da wannan tun a takarda wajen zaunar da masai, kada sai an gama a ce a fasa.

Tsakanin rijiya da masai ko sokawe ana son tazarar mita 30. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa gaba ɗaya wajen mita 30 ne, ka ga ke nan ɗaya na wannan ƙarshe ɗaya na wancan, kuma a leƙa a ga inda maƙwabci ya haƙa tasa shaddar.

Bulo ko tubali? Ni ban ga abin raini a ginin ƙasa ba. Bango mai kauri na tubali ya fi bulo mai rami sanyi da rana, kuma Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 shaida ne cewa ƙasa na daɗewa in ta sami gwani da kulawa. Matsalar ita ce kulawar. Ginin ƙasa yana son yaɓe da duba indararo kafin kowace damina, kai kuma ba ka nan. In babu mai yi maka wannan da zuciya ɗaya, ɗauki bulo.

A zana gidan gaba ɗaya a takarda, amma a tsara shi yadda za a gina shi kashi-kashi: katanga da zaure da ɗaki biyu da banɗaki da madafi tukuna, a gama su har a shiga. Ɗaki biyu masu rufi sun fi takwas da suka tsaya a taga. Ka biya mai zanen gini ya fitar maka da zane mai awo, ka kuma biya a ƙididdige maka kayan kowane mataki daban: bulo nawa, siminti nawa, rodi nawa, tifar yashi da tsakuwa nawa. Wannan takarda ita za ka riƙa buɗewa duk lokacin da aka ce maka kaya sun ƙare.

Raba hannu

Kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai karɓar kuɗi, shi ne mai sayen kaya, shi ne mai ajiya, shi ne kuma mai ba ka labari. Ko waliyyi ne ka ɗora masa wannan ka zalunce shi, domin duk wanda ya matsu a dangi wurinsa zai nufa, ya san akwai kuɗi a hannunsa.

Kuɗin siminti da rodi da kwano su tafi kai tsaye asusun mai shago, ya turo maka rasit. Wani dattijo amintacce ya riƙe makullin sito da littafin shiga da fita. Birkila a yi jinga da shi mataki-mataki, a rubuce, kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an duba aiki. Mai dubawar ya zama injiniya ko tsohon magini daga wani gari wanda ba ya cin komai a jingar, kai ke biyan shi kuɗin zuwa. Ɗan'uwanka da ke tsaye a kan aikin ka yanka masa lada a wata. Aikin da ake yi don zumunci kaɗai ba ka da bakin tuhumarsa.

Za a ji haushi, babu makawa. Yaya zai ce, "Wato ba ka yarda da ni ba ke nan?" Ka ce, "Haba Yaya, in ban yarda da kai ba wa zan yarda da shi? So nake in ɗauke maka nauyi, duk wanda ya zo rance ka ce masa kuɗin ba sa biyowa ta hannunka." Sau da yawa shi kansa zai fi samun sauƙi da hakan.

Wajen aike, bi ta banki ko kamfanin da ke da lasisi, ka buɗe asusu daban na gini kaɗai. Tun 2025 Babban Bankin Najeriya ya buɗe hanyar da mazauna waje za su sami BVN ba sai sun zo gida ba. Ba wa ɗan kasuwa riyal a hannu don a biya ka naira a Kano yana da daɗin farashi, amma ba ka da shaida in an musa, kuma hukumomin Saudiyya ba sa wasa da shi.

Aikin kansa, daki-daki

Lokacin farawa shi ne bayan kaka, wajen Nuwamba. Leburori sun dawo daga gona, hanya ta bushe tifa za ta iya shiga, rijiyoyi da sauran ruwa. Burinka a rufe kafin iskar farkon damina ta watan Mayu. Haƙar rijiya kuwa a bar ta sai ƙarshen bazara, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa iyakar yinsa. Wadda aka haƙa da kaka tana iya ƙafewa a Afrilu.

Harsashi ne matakin da ba ya gyaruwa, domin da zarar an binne shi ke nan. Kafin a zuba kankare, a kira ka ta bidiyo, a sa tef a ramin ka ga zurfinsa da faɗinsa, ka ƙirga rodin kowace fila da idonka. Kwaɓin da aka saba shi ne siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, wato buhu ɗaya mai kilo 50 da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Daɓen gida ya ɗara hanya tsawo da aƙalla layin bulo biyu ko uku, domin titi tashi yake yi da shekaru, gida kuwa yana nan inda aka bar shi. A zuba maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a yi daɓe don kada danshi ya hau bango.

Ban ruwa shi ne abin da aka fi ha'inci a kai, saboda ba ya barin alama sai daga baya. Kankare na son ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Da hunturu iska na shanye shi da wuri. Ka ɗauki yaro guda wannan kaɗai ne aikinsa, ka biya mai kurar ruwa daban.

Bulo, in an kawo, gani ya kori ji. Ka ce wa mai riƙe da wayar ya wuce na saman, ya zaro ɗaya daga tsakiyar tulin, ya karce shi da ƙusa kusa da kyamara. In yashi na zuba kamar gari, an yi rowar siminti. Ya ɗaga shi daidai ƙugu ya sake a kan ƙasa mai tauri. Mai kyau zai tsaya ko ya ɗan ɓantare, marar kyau zai watse. Lissafinsa kuma ba wuya: murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo wajen 10, don haka ɗaki mai ƙafa 12 da 12 da tsawon mita 3 bai kamata ya wuce 400 da 'yan kai ba, ban da na harsashi. Siminti kada a sayo na gaba ɗaya aikin lokaci guda. Bayan wata uku yana fara dunƙulewa ya rage ƙarfi, kuma a kan katako ake jera shi, ba a ƙasa ba, ba jingine da bango ba. Rodi ne abin da za ka iya saya ka ajiye in ka ga farashi zai tashi.

Linta ta zagaye ginin gaba ɗaya, ba saman ƙofa da taga kaɗai ba. A rufi, katako ya sha maganin gara, kuma a ɗaure shi da langa-langa ko rodin da aka binne cikin kankaren, ba ƙusa kawai ba. Kwanukan da ake tsintowa a gonaki bayan hadarin farko yawanci nan aka yi musu sakaci. A sa bututun wayarin da na famfo kafin filasta, ko da wuta ba ta iso garin ba.

Duk wannan yana son ka tsayar da lokacin kira guda a sati, kada ka wuni kana latsa waya a wurin aiki har shugabanka ya fara lura. Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Ƙarfe goma na safiyar Asabar a wurinka takwas ce a gida, ma'aikata sun iso, rana ba ta yi zafi ba, kai kuma wataƙila kana hutu. A zagaya da kai ginin kai tsaye daga kusurwa ɗaya da aka saba farawa, ka ƙirga layin bulo, a buɗe sito ka ƙirga buhuna, ka rubuta a littafinka. Hoton da aka turo ba ya wadatarwa, ana iya ɗaukarsa a ginin wani. In sabis ba shi da ƙarfi a garin, a ɗauki bidiyon a faɗi ranar da baki a farkonsa, a hau tudu a turo.

Hutunka da shiga gida

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikacin kamfani hutun kwana 21 a shekara, ya koma 30 bayan shekara biyar a wuri ɗaya. Yawanci da sallah ake son zuwa, amma in kana gini ka daidaita hutu ɗaya da fitar da awo da zuba harsashi, ka nemi bizar fita da dawowa da wuri. Fenti da tayil ana iya zaɓarsu ta waya.

Da an gama kashin farko a sa mutum a ciki, domin gara da ɓarayin ƙofa da wayar wuta sun fi son gidan da ba kowa. In ba iyalinka ne za su shiga ba, a rubuta a gaban mai unguwa cewa aro aka ba shi, da sharaɗin zai tashi in an ba shi sanarwar wata kaza. Asalin takardun fili su zauna wuri guda da ka amince da shi, ba a hannun mai zaman gidan ba, kai kuma ka ɗauki hotonsu da na rasitai ka ajiye a imel ɗinka, ba a waya kaɗai ba.